Daga Hawan Keke Zuwa Tsere: Yadda Za Ka Shirya wa Gasarka ta Farko a Bauchi

Ƙarfin ƙafa ba shi ne matsalar samarin Bauchi ba. Yaron da ke ɗauko buhun masara daga Bayara zuwa kasuwar Muda Lawal a kan tsohuwar keke ba rago ba ne. Amma ka saka shi cikin mutum 40 a kan titi a busa usur, galibi shi ne zai fara wucewa gaba, kuma shi ne za a fara bari a baya tun ba a ci rabin hanya ba. Dalili ɗaya ne: ya kashe ƙarfinsa wajen kokawa da iska shi kaɗai, alhali sauran sun lafe a bayansa suna tattalin nasu.

Idan keke ta wuce gudun kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen ratsa iska yake tafiya. Wanda ya manne a bayan tayar wani yana rage wahalarsa da kusan kashi ɗaya cikin uku, wanda ke tsakiyar babban ayari kuwa ya fi haka samun sauƙi. Duk dabarun tseren titi a kan wannan aka gina su, don haka ka riƙe shi a ranka tun daga ranar da za ka je sayen keke.

Keken da za ka hau

Ba sai ka sayar da gona ba. Keken tsere ta gwanjo mai jikin alminiyam, mai lanƙwasasshen kai, da giyar Shimano irin su Claris ko Sora ko Tiagra, ta isa ta kai ka gasar jiha har ta ƙasa. Dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana a yi tsere da keken da ba ta kai kilo 6.8 ba, amma wannan damuwar masu kekunan miliyoyi ce. Keke mai kilo 9 ko 10 ba za ta hana ka komai ba a shekararka ta farko. Ni ba na ba sabon shiga shawarar sayen gwanjon kabon, wato keken da aka yi jikinta da zaren kabon mara nauyi maimakon ƙarfe, domin tsagewarsa tana iya ɓuya a ƙarƙashin fenti, ba za ka sani ba sai ranar da ya karye da kai a gangara.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne keken ta yi maka daidai. Mai tsawon santimita 170 zuwa 175 yawanci lamba 54 ce tasa, wanda ya kai 180 kuma 56. A wurin mai sayarwa ka ɗaga kowace ƙafa ka juya ta, ka ga ko tana rawa. Ka hau ka canza giya daga ta farko har ta ƙarshe. Ka duba wuraren walda da kyau, musamman ƙasan wuyan keken da wajen feda. Sannan ka daidaita sirdi: ka zauna, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da tafin ƙafa inda ya dace, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Yawancin ciwon gwiwar da sababbin mahaya ke kuka da shi daga sirdin da ya yi ƙasa ne.

Taya mai faɗin milimita 28 ta fi dacewa da titunanmu fiye da siririya mai 23, ta fi shanye gargada kuma ba ta rage gudu. Ka sayi famfonka mai agogo, domin bakin tif ɗin keken tsere siriri ne, injin mai faci na bakin hanya ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi. Mai nauyin kilo 65 zuwa 75 zai iya sa iska tsakanin 70 da 85 a ma'aunin PSI na agogon famfo. Kullum ka fita da tif biyu, da abin ɓare taya, da ƙaramin famfo. Tsidau ya cika gefen hanyoyinmu, saboda haka in ka tsaya kada ka gangara da keken cikin ciyawa, in kuma ka yi faci ka shafa cikin tayar da yatsa ka ciro ƙayar kafin ka saka sabon tif. Sarƙa kuma a goge ta da tsumma bayan kowace fita a lokacin hunturu, a ɗiga mata mai kaɗan. Baƙin man mota yana tara ƙura ne kawai ya cinye haƙoran giya.

Hular kwano dole ce, a atisaye da a gasa. Ba wanda zai bari ka tsaya a layi babu ita. Bayan ita, wando mai soso a ƙasa, wanda ake sawa ba tare da gajeren wando a ciki ba, da safar hannu, da tabarau saboda ƙura da tsakuwa, da gorunan ruwa biyu. Takalmin da ke maƙalewa a feda yana da amfani ƙwarai, amma ka koyi cire ƙafa a fili mara mota kafin ka shiga titi da shi.

Atisaye na wata uku

Idan kana hawa jefi-jefi, ka ba kanka mako 12. Makonni huɗu na farko na gina jiki ne: fita sau huɗu a mako, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sai rana guda mai tsawo, awa biyu da ke ƙaruwa zuwa uku. Gudun ya zama wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba. Samari ba sa son jin wannan, kowa so yake ya dawo gida a jigace don ya ji ya yi aiki. To amma wannan tafiya mai sauƙi ita ke gina zuciya da huhu. Ka saba da giya mara nauyi, ƙafa na juyawa sau 85 zuwa 95 a minti. Wanda ya saba da keken dako yana son taka giya mai nauyi a hankali, kuma wannan shi ke kashe cinya kafin ƙarshen tsere. Kada ka ƙara yawan awanninka da fiye da kashi 10 cikin 100 a mako.

Daga mako na biyar ka shigo da kwana biyu masu zafi, ka raba su da aƙalla kwana ɗaya na hutu ko tafiya mai sauƙi. Rana ɗaya: bayan ɗumama jiki na minti 15, ka yi minti huɗu da ƙarfin da ba za ka iya furta fiye da kalma biyu ba, ka huta minti huɗu kana juya feda a hankali, ka maimaita sau biyar. Ɗaya ranar: minti 15 zuwa 20 da ƙarfi mai ɗorewa, sau biyu, da hutun minti biyar a tsakani. A ƙarshen doguwar fita ka ƙara gudun fanfalaƙi na daƙiƙa 15 sau huɗu ko biyar. Kowane mako na huɗu ka rage aikin da rabi. In ka tashi da safe ka ji bugun zuciyarka ya fi na kullum sauri sosai, ƙafa ta yi nauyi, barci bai yi daɗi ba, ka zauna a gida ranar.

Allah ya ba mu hanyoyi iri-iri. Garin Bauchi yana kan tudun da ya ɗan haura mita 600 daga teku, Jos kuwa ta kai kimanin mita 1,200, don haka hanyar Jos ta Zaranda da Nabordo zuwa Toro makarantar hawan tudu ce, ga mai ƙwari kuma akwai hawan Panshanu. Sai dai manyan motoci sun yi mata yawa, ba hanyar da za a bi mutum ɗaya ba ce. Hanyar Dass tana da hawa da sauka masu koyar da canza giya. Hanyar Gombe zuwa gadar Dindima ta dace da doguwar fita. Ka lura da iska: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi Dass ko Jos da safe za ta tura shi ya ji kamar ya zama gwani, sai a dawowa, ga gajiya ga rana, ya tarar da ita a fuska. Ranar da jiki ba ƙwari, ka ɗauki hanyar Maiduguri, ka yi kokawa da ita da sauran ƙarfinka, ta rako ka gida.

Lokacin fita shi ne bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, da riga mai haske da jar fitila a baya. In ka ji ƙahon tirela kada ka yi gardama da ita, ka matsa.

Koyon tafiya cikin ayari

A nan ake samun ɗan tsere, kuma ba a koyonsa mutum ɗaya. Ka nemi abokai ko uku ne ko huɗu, ku riƙa fita tare aƙalla sau ɗaya a mako.

Ku fara da jerin gwano a hanya mai kyau, da gudun da kowa zai iya. Ka bar tazarar kamar tsawon keke ɗaya tsakaninka da na gabanka, a hankali ka rage ta zuwa taƙi biyu. Kada ka ƙura wa tayarsa ido. Ka duba ta saman kafaɗarsa zuwa hanya, tayar za ka riƙa ganinta da wutsiyar ido. Yatsunka su kasance a kan birki, amma in ka ga kana cim masa, ka fara da daina taka feda ko ka ɗan ɗago ƙirji iska ta rage maka gudu. Birkin gaggawa a cikin ayari shi ke zubar da mutum biyar a lokaci ɗaya.

Doka mafi girma: kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya. In ya ɗan kauce wa rami suka gogu, shi ko a jikinsa, kai ne za ka sha ƙasa. Haka kuma duk wanda zai miƙe tsaye a kan feda a hawan tudu, kekensa takan ɗan ja baya, don haka ka ƙara tazara a gindin tudu, in kai ne za ka miƙe kuma ka yi shi kana danna feda da ƙarfi.

Na gaba shi ne idon kowa. Shi zai nuna rami da yatsa, ya yi ihu in ga akuya ko yashi a kwana, na bayansa su miƙa saƙon har ƙarshen layi. Idan jan ayari ya zo kanka, kada ka ƙara gudu don nuna bajinta, ka riƙe gudun da ka tarar. Ka ja na rabin minti zuwa minti ɗaya, ka kaɗa gwiwar hannu alamar na baya ya karɓa, ka waiga, ka kauce ta ɓangaren da iska ke fitowa, ka sassauta kaɗan layin ya wuce ka. Wurin da sababbi ke faɗuwa shi ne komawa layi: ka fara ƙara gudu tun mutumin ƙarshe yana gefenka, domin in ka jira ya wuce sarai, tazarar mita biyar za ta buɗe, kuma cike ta ya fi jan ayarin wahala.

Idan iska ta gefe take bugowa, mafaka ba a bayan taya kai tsaye take ba. In daga hagu take, ka koma baya ta dama da na gabanka, in daga dama take, ta hagu. Za ka ji wurin da kanka, ƙarar iska a kunne za ta ragu, feda ta yi sauƙi. A atisaye dai kada neman mafaka ya kai ku tsakiyar titi, hanyar ba a rufe take ba.

Kwana ma a koye ta. Ka gama birki kafin ka shiga, fedar waje tana ƙasa ka danna nauyinka a kanta, idonka a mafita. Ku sami fili ku jera gwangwanaye ku yi ta zagayawa, ku koyi shan ruwa da mayar da gora ba tare da kallon ƙasa ba, ku koyi gogar kafaɗa da juna a kan ciyawa da ƙaramin gudu har tsoron ya fita.

Ci da sha

Fitar da ba ta wuce awa ɗaya ba ruwa ya ishe ta. Wadda ta wuce awa ɗaya da rabi tana son abinci a hanya, giram 30 zuwa 60 na mai zaƙi ko sitaci a kowace awa. Ayaba ɗaya da dabino uku ko huɗu sun kai wannan. Ka fara ci tun a minti 40 na farko, kada ka jira yunwa, domin in sukarin jiki ya ƙare ƙafa za ta mutu, ido ya yi duhu, kuma ba ta dawowa nan take. Ruwa gora ɗaya a awa, da bazara fiye da haka. A ɗaya gorar ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin na asibiti: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Bayan ka sauka, cikin awa ɗaya ka ci abin da ya haɗa sitaci da mai gina jiki: shinkafa da wake da ƙwai, fura da nono, ko kunun gyaɗa da ƙosai.

A watannin Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40. Ka gama aiki mai tsanani kafin ƙarfe tara. In abokin tafiya ya fara maganar da ba kai, yana tangaɗi, ko ya ce yana jin sanyi cikin rana, ku tsayar da shi, ku kai shi inuwa, ku jiƙa shi da ruwa, ku nemi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Da azumi kuma a rage: tafiya mai sauƙi ta awa ɗaya dab da shan ruwa ta isa ta riƙe jiki.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Wani zai zo ya ce maka ga ƙwayar da ke hana gajiya. Tramadol ba ya ƙara ƙarfi, jin zafi yake dannewa ya kuma dusashe hankali, kai kuwa kana tafiya taƙi biyu daga tayar wani. UCI ta haramta shi a gasa tun 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta bi sahu daga farkon 2024. Wanda ya sha ya shiga ayari ya saka ran kowa a haɗari, ku ƙi fita da shi.

Yadda ake samun shiga gasa

Ka je ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha ka nemi masu kula da wasan keke, ka gabatar da kanka, ka tambayi ranakun atisaye da na gwajin zaɓen 'yan wasa. Hukumar tseren keke ta Najeriya ita ke ba da lasisin shiga gasanninta, kuma ta hannun jiha ake zuwa Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, Bauchi kuma ta karɓi baƙuncinta a 1991 da 2000. Ka tanadi takardar haihuwa, lambar NIN da hotuna, wanda bai kai 18 ba kuma da amincewar iyaye. Da shekarar haihuwa ake raba aji: 17 da 18 matasa, 19 zuwa 22 'yan ƙasa da 23, sai manya. Ka faɗi shekarunka na gaskiya.

Hanyar tana kaiwa nesa. Ese Ukpeseraye daga jihar Delta ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik, a Faris a 2024, don haka 'yan'uwa mata ma wannan jagorar tasu ce. A shekarar ce Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe zango uku a babbar gasar zagayen Faransa, a 2025 kuma aka yi gasar duniya ta tseren titi a Kigali, karo na farko a Afirka.

Ka tambayi irin tseren da za a yi. Akwai na dogon zango da ake tashi gaba ɗaya, akwai na zagaye a cikin gari mai yawan kwana, akwai kuma tsere da agogo inda ake sakin mutum ɗaya-ɗaya, a nan fakewa a bayan wani laifi ne.

Makon tsere da ranar kanta

A makon ƙarshe ka rage atisaye da rabi, ka bar 'yan gajerun gudu don ƙafa ta kasance a farke. Kai keke wurin mai gyara kwana uku kafin ranar, ka gwada ta washegari. Ba a fafe gora ranar tafiya: sabon sirdi, sabon takalmi, abincin da ba ka saba ba, duk a bar su sai bayan gasa. In da hali ka bi hanyar tseren tun kafin ranar, ka haddace ramuka, da tudu, da kilomita ta ƙarshe.

Ka ci abinci awa uku kafin tashi, mai sauƙin narkewa, kamar shinkafa ko burodi da shayi. Masa da miyar taushe ta jira ka dawo. Ka isa da wuri, ka karɓi lambarka ka maƙala ta da fil a kusurwa huɗu, ka saurari bayanin alƙalai, ka ɗumama jiki na minti 20, ka tsaya a layi kusa da gaba.

Minti goma na farko za su yi zafi fiye da yadda ka zata. Ka daure, gudun yakan lafa. Wurinka shi ne cikin kashi ɗaya bisa uku na gaban ayari, amma ba kan gaba ba. A can baya ake faɗuwa, a can ne kuma kowace kwana ke tilasta maka birki da sabon gudu har ƙarfi ya ƙare. Ka riƙa matsawa gaba ta gefen da ba iska lokacin da ayari ya sassauta, ko ka bi bayan wani mai wucewa. In ka san tudu na ba ka wuya, ka shige shi kana sahun gaba, ko ka zame baya za ka kai sama tare da jama'a. Ka ci ka sha a inda hanya ta miƙe kuma gudu ya kwanta.

Za ka ga wasu sun ɓalle. Ba kowace ɓallewa ake bi ba. In mutum ɗaya ne tun da sauran nisa, bar shi da iska. In uku ne ko huɗu daga cikin waɗanda ka san ƙarfinsu, kuma kana kusa, ka bi su nan take da gudu ɗaya, domin jinkirin daƙiƙa goma ya isa ya sa ka rataye a tsakani. In abokin ƙungiyarka na cikinsu, ba kai za ka ja ayari a kamo su ba. A tserenka na farko ma burin da ya fi dacewa shi ne ka gama tare da ayari.

In an bar ka a baya, ka yi duk abin da za ka iya a rabin mintin farko don ka koma. In ya gagara, ka jira masu zuwa a bayanka ku haɗa jerin gwano. Riƙe mota ko babur, ko fakewa a bayansu, yana jawo kora. In ka faɗi kanka ya bugu, tseren ya ƙare maka a ranar ko da kana jin garau, a duba ka, hular kuma a canza ta.

Idan saura kilomita biyu kana tare da su, ka nemi shiga cikin mutum shida na gaba, ka kama tayar wanda ka san yana da gudun ƙarshe. Hannu a ƙasan kan keke, giya mai ɗan nauyi. Ka fito daga bayansa in saura mita 200 ko ƙasa da haka, in iska na fuska ka ƙara jinkirtawa. Da ka fara, ka miƙe a layinka, domin karkata ka tare wani yana sa alƙalai su mayar da kai baya. Gaban tayar gaba ake dubawa a kan layi, saboda haka kada ka daina taka feda sai ka tsallake shi. Bayan layin ma kada ka ja birki, akwai masu zuwa da gudu a bayanka: ka wuce gaba, ka juya feda a hankali na minti goma, ka sha ruwa, sannan ka koma wurin alƙalai ka tabbatar an rubuta lambarka.